Feuchtmayer da kwangilar cocin Birnau: mai adon filasta da ya maida gari tamkar mabul

A bakin tabkin Konstans, can kudancin Jamus inda ta haɗa iyaka da Siwizalan da Ostiriya, akwai wani coci da ake kira Birnau, yana kan tudu ne, gonakin inabi sun gangaro daga gabansa har kusa da ruwa. An keɓe shi a watan Satumba 1750. Duk wanda ya shiga ciki abinda ya fara faɗo masa a rai shine kai, nawa aka kashe wajen sayen mabul haka, alhali yawancin abin nan da ido yake gani yana sheƙi ba dutse bane sam, garin jibsam ne da ruwan gam da launi, sai kuma hannun mutum da ya zauna yana gogewa. Jibsam ɗin nan dai shine garin da masu aikin silin ɗin POP suke kwaɓawa a gidajenmu yau, to duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda kwaɓin yake sandarewa a bokiti kafin yaro ya miƙa wa oga a sama, ya riga ya san rabin wahalar sana'ar da zan yi magana a kai.

Sunan mai aikin Joseph Anton Feuchtmayer. Na san da yawa daga cikin masu karatu ba sa tare da harkar mutum-mutumi a wurin ibada, wannan kuma magana ce ta addini kowa da nasa, ni sana'ar nake bi da yadda rayuwar mai sana'ar ta kasance a hannun masu ba shi aiki.

An haife shi a 1696 a Linz ta ƙasar Ostiriya, amma asalin gidansu mutanen Wessobrunn ne, wani ƙauye a Bavariya da ya yi suna da masu adon filasta, an ƙirga sama da mutum 600 daga wannan yanki da suka yi wannan sana'a ko makamanciyarta, da bazara su watsu cikin Turai neman aiki, sanyi ya shigo su dawo gida. Babansa Franz Joseph yana yi wa gidajen 'yan zuhudu na Ostiriya aiki ne lokacin, shi ya sa aka haifi yaron a can. Akwai wani ɗan danginsu Johann Michael Feichtmayr wanda ya yi adon coci-cocin Ottobeuren da Zwiefalten, mutane suna yawan haɗa su, ba mutum ɗaya bane.

Abinda ya ja gidan zuwa bakin tabki gobara ce. A watan Maris 1697 wuta ta cinye kusan duk gine-ginen gidan zuhudu na Salem, babban cocin ne kawai ya tsira. Shi Salem ba ƙaramin wuri bane, na ɗariƙar Sistasiyan ne, yana da ƙasarsa da ƙauyukansa da talakawansa, shugaban gidan kuma wanda suke kira abot kusan sarki ne, ba wanda yake samansa a harkar mulki sai babban sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus a lokacin. Da suka tashi sake gini sai da suka nemi ma'aikata da yawa, baban ya samu shiga, shi ya yi adon babban zauren da ake kira zauren sarki, ya zauna da iyalinsa a Mimmenhausen, ƙauyen da ke dab da Salem. Yaron ya tashi cikin ƙurar farar ƙasa kenan. Ya je Augsburg koyon sassaƙa, daga nan ya wuce Weingarten inda ake gina wani ƙaton coci, a nan ne ya haɗu da wani Ba'italiye Diego Francesco Carlone, wurinsa ya ɗauko dabarar goge filasta har ta yi santsi tana ɗaukar ido. Ni a ganina wannan haɗuwar ita ce jarin rayuwarsa duka, don masu kwaɓa filasta sun yi yawa a lokacin, masu sassaƙa itace ma haka, amma wanda zai tsayar maka da siffar mutum cikakkiya da filasta sannan ya goge ta har ka rantse farin dutse ne, waɗannan ba su da yawa a arewacin tsaunukan Alf.

Baban ya rasu a 1718, shi yana da shekara 22, shagon ya dawo hannunsa. A 1721 mutanen Salem suka ba shi wata gona da gida a Killenberg, wani ɗan tsibiri a tsakiyar tafki kusa da ƙauyen. Wannan kyauta ce amma kuma igiya ce, tunda wanda ya zaunar da kai a ƙasarsa in ya kira ka dole ka amsa. Duk da haka bai zauna wuri ɗaya ba, ya yi kujerun mawaƙa na itace a Weingarten, ya yi aiki a Kisslegg da Sankt Peter a yankin da ake kira Baƙin Daji, da ƙaramin cocin fadar tsibirin Mainau da na fadar Meersburg. Kafin maganar Birnau ta taso ya haura hamsin, ba yaro bane, yana da shago cike da ma'aikata.

To ita kwangilar Birnau rigima ce ta haife ta. Akwai tsohon wurin ziyara mai wannan suna kusa da ƙauyen Nussdorf, a ciki akwai wani sassaƙen Maryamu riƙe da ɗanta da aka yi wajen 1420, mutane suna tururuwa zuwa wurin neman waraka da biyan buƙata. Matsalar ita ce cocin na Salem ne amma filin da ke kewaye da shi na birnin Überlingen ne, kuma birnin yana cin moriyar masu ziyara, har gidan saukar baƙi da shan giya aka kafa dab da wurin, in 'yan zuhudu suka ce za su faɗaɗa gini sai birnin ya hana, haka aka yi ta ja shekara da shekaru. Abot Stephan Enroth ya gaji, ya nemi izini a asirce daga manyan cocin, a watan Maris 1746 aka fito da sassaƙen cikin jerin gwano da rakiyar sojoji masu dawaki saboda tsoron kar mutanen Überlingen su tare hanya, aka kai shi Salem aka ajiye. Tsohon cocin aka rushe. Shi Enroth bai ga sabon ba, ya rasu a wannan shekarar, wanda ya gaje shi Anselm Schwab shine ya ɗauki aikin.

Nan ne aikin ya zama na gaggawa kuma na nuna isa. Ka ɗauke wa jama'a wurin da kakanninsu suke zuwa, in sabon da ka gina bai fi tsohon ba nesa ba kusa ba to ka ji kunya gaban birnin da ka yi wa gadara, kuma masu ziyara ba za su biyo ka ba. Anselm mutum ne mai son girma da son gini, amma kuma ya iya kuɗi, shine ya kafa asusun marayu a Salem a 1749 wanda ake lissafa shi cikin bankunan ajiya na farko a Jamus. Ya ɗauko mutum uku. Peter Thumb daga Vorarlberg shi ne magini, Gottfried Bernhard Göz daga Augsburg shi ne mai zanen rufi, sai Feuchtmayer aka ba shi bagadai da siffofi da duk adon bango. An aza harsashi a watan Yuni 1747, aka keɓe cocin a Satumba 1750, wato shekara uku da 'yan watanni, kuma kar ka manta a ƙasar nan watannin sanyi ba a taɓa ɗanyar filasta, ƙanƙara tana shiga ta farfasa ta.

Thumb ya gina zaure ne guda ɗaya buɗaɗɗe ba ginshiƙai a tsakiya, tagogi manya jere biyu, da wata siririyar baranda da ta zagaye ciki daga sama. Ginin shi kaɗai fili ne fetal, ba inda ido zai maƙale. Saboda haka duk nauyin ya koma kan mai ado, shi zai sa bangon ya yi motsi. Salon da ake yayi lokacin shine Rokoko, daga Faransa ya fito wajen shekarun 1730, ya bazu a Jamus ta hanyar takardun zane da ake bugawa a Augsburg ana sayarwa, ado ne na lanƙwashe-lanƙwashe da siffar ɓawon kifin teku da harshen wuta da kumfar ruwa, kuma da gangan ba a son hagu ta yi daidai da dama. A Faransa adon falo ne na masu kuɗi, Jamusawan kudu ne suka shigar da shi coci suka cika shi da mala'iku.

Yadda ake aikin kuwa shine inda na fi so mu daɗe. In adon bango ne, maigidan zai zana siffar da gawayi a jikin bangon, a kafa ƙusoshi da waya inda abin zai turo waje, sannan a ɗora kwaɓi mai kauri na farar ƙasa da yashi da jibsam, a bi da mai laushi a sama. Jibsam zalla cikin 'yan mintuna yake kamawa, shi ya sa ake zuba ruwan gam da aka dafa daga fata ko ƙashi don ya ja lokaci, gam ya yi yawa ya ƙi bushewa da wuri, ya yi kaɗan ya sandare maka a hannu, kuma ba ma'auni a rubuce, mai kwaɓi da yatsa yake ganewa. Mutum yana tsaye a kan katako can sama, wuya a karye, fuska tana kallon rufi, farar ƙasa tana ɗiga a ido tana cin fatar hannu, yana murɗa ganye ko fiffike da 'yar ƙaramar wuƙar ƙarfe da yatsa kafin abin ya mutu. In ya mutu ba gyara sai dai a kankare a sake. Faɗuwa ma tana faruwa, shi kansa Göz an ce ya faɗo daga kan katako ya karye a ƙafa, kuma ya zana kansa a rufin cikin jerin masu neman taimako, da sanda da ƙafa a naɗe.

Siffar mutum kuma sai an fara yi mata ƙashi da ƙarfe da itace, a cika cikin da abu mara nauyi, a yi ta ɗora kwaɓi hawa-hawa, na ƙarshe mai laushi sosai shi ake gogewa. Amma aikin da ya fi cin rai shine mabul ɗin ƙarya na ginshiƙan bagadi. Ana kwaɓa jibsam da ruwan gam kashi-kashi, kowane kashi da launinsa, ja da kore da toka-toka da ruwan ɗorawa, a haɗa su a murɗe ba tare da sun gauraye duka ba, a yanka fale-fale a manna a jikin ginshiƙi, jijiyoyin launin nan su ne za su ba da kamar dutse. In ya bushe sai a fara guga da dutse mai kaushi, a cike ƙananan ramuka da ruwan kwaɓi, a jira, a sake guga da dutsen da ya fi laushi, a sake cikewa, haka haka sau da yawa, a ƙarshe a shafa mai da kakin zuma. Garin ba shi da tsada, amma kwanakin da mutum zai ɓata yana guga suna iya sa abin ya kai kuɗin mabul na gaske ko ma ya fi. To me ya sa ake yi? Saboda dutse abinda Allah ya yi shi da shi za ka karɓa, wannan kuwa launin da mai zanen rufi ya sa a sama kai ma za ka iya kawo irinsa a ƙasa, kuma za ka iya lanƙwasa shi yadda kake so ba tare da mahaɗi ya fito ba. A Birnau wannan ne sirrin, ba ka gane inda aikin magini ya tsaya na mai filasta ya fara, ko inda na mai filasta ya ƙare na mai fenti ya ɗauka.

Bagadai bakwai ne a cocin. A babban, inda aka zaunar da tsohon sassaƙen nan da aka yi rigima a kansa, Feuchtmayer ya tsayar da fararen siffofi huɗu, iyayen Maryamu wato Yowakim da Anna, da Zakariya da matarsa Alisabatu. Mutanensa ba masu kyan fuska bane irin na kalanda, dogaye ne, jiki a murɗe, tsofaffin da ƙashin kumatu a waje da jijiya a wuya, riga kamar iska tana fizgarta. Wasu suna cewa ya wuce gona da iri, ni kam a nan nake ganin gwanintarsa, don waɗannan abubuwan daga nesa ake kallonsu, daga ƙasa, cikin hasken da yake shigowa daga kan ruwa yana sauyawa tun safe har yamma, in ka yi fuska lumui ba kwari ba tudu to daga benci na ashirin ba abinda za a gani sai farin dunƙule.

Abin mamaki duk wannan manyan aiki ba su ne suka yi masa suna a wurin jama'a ba, wani ɗan yaron mala'ika ne mai ƙiba a gefen bagadin Bernard na Clairvaux, babban malamin ɗariƙar, wanda ake yi wa kirari da cewa maganarsa zuma ce. Feuchtmayer bai tsaya rubuta kirarin a allo ba, sai ya yi yaro ya rungumo amya a gefe, ya tsoma yatsa ya kai baki, ya karkace jiki yana kallon gefe irin na yaron da ya san an gan shi. Mai lasar zuma ake ce masa, hotonsa yana kan katin gaisuwa da kayan tsaraba a duk yankin tabkin. Manomin da bai iya karatu ba da ya shigo a 1750 zai yi murmushi ya tambaya wannan fa, a ba shi labarin Bernard, kaga aikin ya biya.

Ba shi kaɗai ya yi ba, kuma wannan ya kamata a faɗa. Akwai 'yan'uwa biyu daga Weilheim, Johann Georg Dirr da Franz Anton Dirr, da suka shigo shagonsa a wannan tsakanin suka zama hannun damansa, ban da masu kwaɓi da masu guga da masu shafa zinare da tarihi bai riƙe sunansu ba. Maigida shi ke karɓar kwangila, ya yi zane, ya yi ƙaramin samfur da yumɓu ko kaki a nuna wa abot ya amince, ya taɓa fuska da hannaye da kansa, saura kuwa na yara ne.

Bayan Birnau aiki ya yi ta zuwa. Babban bagadin cocin Beuron wajen 1760, da na cocin ɗariƙar Faransiskawa a Überlingen, eh birnin nan da aka yi rigimar da shi su ma sun kira shi, sannan Sankt Gallen a Siwizalan inda ya yi rumfunan furta zunubi da kujerun mawaƙa masu ɗauke da tarihin waliyyi Benedikt, uban tsarin zuhudunsu, a sassaƙe, a shekarun 1760, yana tsoho.

Sai dai yayi ya juya tun yana da rai, kuma a gidan da ya fi dogara da shi ya fara juyawa. Anselm ɗin nan da ya ba shi Birnau ya je Faransa ya ga sabon salo na miƙaƙƙun layuka da kwaikwayon gine-ginen Girka da Rum, ya dawo ransa ya fita daga lanƙwashe-lanƙwashe. Feuchtmayer ya rasu ranar 2 ga Janairu 1770 a Mimmenhausen. A cikin wannan shekarar mai mulkin Bavariya, ƙasar kakanninsa, ya fitar da doka cewa a daina cika cocin karkara da adon da ya kira na ban dariya, a koma sauƙi, wannan doka ta taimaka wajen karya sana'ar mutanen Wessobrunn. Ba ɗansa da ya gaji shagon, Johann Georg Dirr ne ya karɓa, daga baya surukin Dirr, Johann Georg Wieland. Su biyun ne abot ya sa suka sake wa babban cocin Salem kaya da farin dutsen alabasta a sabon salo, aka kawar da yawancin kayan da. Wato yaran da ya koya wa aiki su aka ba kwangilar maye gurbin irin aikinsa, kuma ba zan ga laifinsu ba, mai sana'a abinda mai kuɗi ya nema shi zai yi ko ya rufe shago. Na Beuron ya fi ciwo, a 1872 'yan zuhudun da suka zo daga baya da nasu ra'ayin na zane suka farfasa siffofin tsakiyar bagadin suka cire, don a ganinsu wasa ne ba ibada ba.

Birnau kuma wata hanya ta bi. A farkon shekarun 1800, zamanin Napoleon, aka ƙwace ƙasashen gidajen zuhudu a Jamus aka raba wa sarakuna, Salem ya faɗa hannun gidan sarautar Baden, a 1804 aka sallami 'yan zuhudun, cocin da bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba aka rufe shi. Aka maida sassaƙen Maryamu Salem, aka sayar da ƙararrawa da molon iska na cocin wato organ, kayan da za a iya ɗauka aka rarraba wa wasu coci-coci, wurin ya koma ma'ajiyar kaya fiye da shekara ɗari. A nan ne abinda ake rainawa ya yi rana. Tagulla ana narkawa, katako ana ɗauka, mabul na gaske ma ana iya ɓamɓarewa a kai wani gini, amma filasta in ka ɓalle ta daga bango gari ce kawai, ba mai saye. Kuma da yake cocin a rufe yake lokacin da ake tsananin ƙin Rokoko, ba wani limami mai sabon ra'ayi da ya samu dalilin zuwa ya gyara shi irin gyaran Beuron. Ni dai ina ganin rufewar nan da ta zama masifa ga masu ziyara ita ce ta bar mana aikin kusan yadda aka yi shi.

A 1919 Yarima Max na Baden ya sayar da wurin ga 'yan Sistasiyan na gidan zuhudun Mehrerau da ke Bregenz, aka dawo da sassaƙen aka ci gaba da ziyara. 'Yan Nazi sun sake rufe shi daga 1941 zuwa 1945, suka kori 'yan zuhudun. A 1971 Fafaroma Paul na shida ya ɗaga darajarsa zuwa basilika, wato coci mai matsayi na musamman. Gidan da shagon Feuchtmayer yake a Mimmenhausen, inda Dirr da Wieland suka ci gaba da aiki bayansa, yanzu ƙaramin gidan tarihi ne mai ɗauke da sunansa, ana nuna yadda ake kwaɓi da sassaƙa da guga tun daga zane har zuwa gamawa.